Man Kaɗe a Ƙafar Tirela

Da na isa Kwatano ban san kowa ba sai bakina, kuma shi ne ya fara jefa ni cikin wahala. Ni mutum ne mai cika baki, ba na ɓoyewa, Allah ya yafe mini. Na daɗe ina tuƙa keke mai ƙafa uku tsakanin Maitumbi da cikin garin Minna, na ɗan taɓa tifar yashi, amma zuciyata tana kan tirela. Duk lokacin da wata ta wuce iskarta ta girgiza mini keke, sai in ce wa fasinja, "Nan gaba kaɗan can sama za ku riƙa hango ni." Na faɗa a majalisa, na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa wa matata Hajara har ta gaji. Ƙarshe na ce mata ba zan sake taka Maitumbi ba sai ina direban tirela.

Ta ce, "Baban Sadiya, ka ce in Allah ya so."

Na ce, "Ai ya riga ya so." Astagfirullah. Wannan magana ta bi ni ƙasa bayan ƙasa.

A bakin tashar jiragen ruwan Kwatano na haɗu da wani mutum mai farar riga, yana jin Hausa kamar a Bosso ta wajen Minna aka haife shi. Na ce masa ni tsohon direba ne, ya ce ai tun daga nesa ya gani a tafiyata. Ya ce akwai kamfanin da ke neman irina, sai dai a ɗan ga masu ƙofa. Na juye masa abin da ke aljihuna. Ya nuna mini wata bishiya ya ce in jira shi a can. Da na je sai na tarar da mutane zaune a gindinta, kowa da jakarsa a cinya. Wani Bazabarme ya matsa mini wuri ya ce, "Kai ma mai farar riga ne ya turo ka?" Muka kwashe da dariya, don in ba dariyar ba sai kuka. Shi ne ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini, kuma ban taɓa sanin sunansa ba.

Daga nan na gangara Lome a bayan wata motar gawayi. Na samu wani babban fili kusa da teku inda tireloli ke jiran lodi, na shiga wankin mota don in ci abinci. A nan kewar gida ta kama ni sosai. In na ga ana sayar da doya sai in tsaya in yi ta kallo, ina cewa wannan ai ko 'yar autar doyar kasuwar garinmu Beji ba ta kai ba. In yamma ta yi na ji ƙugin teku sai in tuna Sadiya da yadda take tare ni a ƙofar gida tana lalube mini aljihu. Amma da gari ya waye na ga tirelolin nan, sai komai ya wuce. A filin ne na fara lura da abin da ban taɓa kulawa da shi ba. Tirela ba abu ɗaya ba ce. Akwai kai, mai inji da sitiyari, akwai bodi, mai ɗaukar kaya. Gaban bodin yana zaune ne a kan wani faifan ƙarfe da ke bayan kan, shi ake kira tantebur. In za a raba su, sai an sauke wa bodin ƙafafunsa biyu na ƙarfe ya tsaya a kansu, sannan kan ya zare ya tafi. Sai ka ga bodi jere suna tsaye da ƙafa bibbiyu kamar shanu a kara.

Wata rana da hantsi ina wanke wata tsohuwar tirela mai lambar Gana, mai ita ya sauko yana sakace. Dattijo ne gajere, mai furfura a gemu, ɗan zangon Kumasi. Kowa a filin Masta Awudu yake ce masa. Ya tambaye ni daga ina, na ce Minna. Tun daga ranar sunana ya ɓace, na koma Minna.

"Minna, ka iya tirela?"

"Kamar shan ruwa, Masta."

"To, sauke mini ƙafa."

Na zagaya na samu handul ɗin da ake juyawa a gefen bodi, na kama na fara juyi da ƙarfi don ya ga ni namiji ne. Na juya, na juya, gumi ya jiƙa mini riga, ƙafafun kuwa saukowa suke kamar hawainiya. Masta ya tsaya yana kallona har ya gama sakacensa. Sannan ya zo ya fizgo handul ɗin waje kaɗan, aka ji ƙas, ya juya da hannu ɗaya. Ƙafafun suka zubo ƙasa nan take.

"Giya biyu gare shi, mai shan ruwa," in ji shi. "In ka ja shi waje, sauri. In ka tura ciki, ƙarfi. Sauri na kai ƙafa ƙasa ne, ƙarfi na ɗaga kaya. Kai ka shiga giyar ƙarfi kana ɗaga iska."

Yaran mota suka yi ta dariya. Na so ƙasa ta tsage. Amma yaron motar Masta ya tafi yin aure bai dawo ba, shi kuma yana bukatar hannu. Ya ce zai ɗauke ni, da sharaɗi.

"Za mu je Kumasi, mu haura Arewa mu ɗauko albasa mu dawo. In muka dawo lafiya, idona ya fara gajiya, zan ba ka sitiyari. Amma ƙafafun nan naka ne. Ranar da na ce a sauke su suka ƙi sauka, a nan wurin zan sauke ka, ko a tsakiyar daji ne. Ka ji?"

Na ce na ji. Ga ni magidanci da iyali na zama yaron mota, amma wallahi ranar har rawa na taka a bayan tirela inda ba mai ganina.

A Kumasi ya koya mini aikin. Kowace ƙafa bututu ne cikin bututu, a tsakiya akwai dogon ƙarfe mai zare kamar babban noti, shi ke tura ta ciki ta fito. A saman kowace akwai ƙananan giyoyi a ƙarƙashin murfi, ga kuma sandar ƙarfe da ta ratsa ƙarƙashin bodi ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, don su sauka tare. Masta ya nuna mini 'yan bakunan da ake ɗura giris, ya ce in fara goge su tas kafin in kafa bindigar giris, in ba haka ba yashi zan tura ciki da hannuna. Ya ce kada in yi wa ƙafa giris tana naɗe. A sauke ta har ƙarshe, a ɗura, a naɗe, a sake saukewa, sai man ya bi zaren tun daga sama har ƙasa. Ya hana ni shafa giris a wajen ƙafa, ya ce wannan kwalliya ce, ƙura kawai take tarawa. Ya sa na riƙa duba takalman ƙafafun ko sun lanƙwashe, da notocin sandar nan ko sun yi sako-sako. In ya gama bayani sai ya buga ƙafar da tafin hannu kamar mai shafa doki ya ce, "Wata da watanni ba a tuna su, amma ranar da aka tuna su, kayan duniya a kansu yake."

Wani lokaci a gareji yakan bar ni in ja tirelar gaba in dawo da ita baya. Daga can sama mutane ƙanana suke zama! In na sauko har tafiyata canzawa take yi.

Muka kama hanyar Arewa. Daji mai duhu ya fara buɗewa, muka wuce Tamale, muka wuce Bolga, ƙasa ta koma kamar tamu, ga kaɗanya ga ɗorawa ga gonakin dawa. Da muka tsallaka iyaka muka shiga ƙasar Mosawa, giris ɗinmu ya ƙare. A wata kasuwar bakin hanya Masta ya kwatanta mini shagon da yake saya, ya ce in je can, kada in tsaya ko'ina. Ina cikin tafiya sai na ji ana kira, "Direba! Babban direba!" Na waiwaya in ga wa ake kira, ashe ni ne. Wani mutum ne zaune da gwangwanaye a gabansa. Ya ce daga ganin kafaɗata ya san ni ke riƙe da babbar mota. Tunda na bar gida ba wanda ya taɓa kirana direba sai mai farar riga, kuma kun ga ban yi hankali ba. Ya buɗe gwangwani, ga giris mai kyau, yana sheƙi, har da ɗan ƙanshi. Ya ce na manyan direbobi ne. Na saya ban ko taya ba.

Abin da ke ba ni dariya yanzu, ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba. Na sauke ƙafafu har ƙarshe, na goge bakuna, na ɗura har ya cika, na naɗe na sauke, na naɗe na sauke. Handul yana juyawa kamar ba ƙarfe ba. Masta ya gwada ya gyaɗa kai ya ce, "Minna, ka fara zama mutum." Ranar na ci tuwo kwano biyu.

Muka yi lodin albasa a wani gari kusa da iyakar Nijar, buhu kan buhu har sama, muka juyo. Damina ta kankama. Bayan mun sake shiga Gana sai muka tarar ruwa ya cinye wata gada, an karkatar da motoci ta wata hanyar jar ƙasa da ke ratsa rafi. Masta ya yi bisimilla ya shiga. Ruwa ya kai tsakiyar taya, ya haura, yana bugun ƙarƙashin bodi. Muka fita lafiya ina ihu ina buga ƙofa don murna. Da na sauko duba tayoyi sai na tsaya cak. Kumfa ce ke fitowa daga ƙafafun tirela! Fara fat, tana tsiyayowa ta kowace kafa kamar ana wanki a ciki.

Masta ya zo ya lakata da yatsa ya shinshina.

"Minna, a ina ka sayi giris?"

Na gaya masa gaskiya, har da babban direba.

"Sabulu ne da baƙin mai aka kwaɓa maka. Ka yi wa tirelata wanka." Ya yi tsaki. "In mun isa Tamale ka buɗe su ka wanke, a sa na gaske."

Ba mu isa Tamale ba. Gaban rafin akwai wani dogon hawa, ruwa ya mai da shi kamar kunu. Kan motarmu tsoho ne, ba shi da ƙarfin ja a taɓo. Masta ya gwada, ya sake gwadawa, tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya, sai ya gangaro da baya ya kashe inji. Muka kwana biyu a gindin hawan tare da wasu motoci, ana jira ƙasa ta sha iska. A nan ne laifina na gaske yake. Da na buɗe murafun ƙafafun a ranar na wanke da man gas, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Na sani sarai. Amma na zauna a inuwa cikin yaran mota ina ba su labarin yadda nake tsere da keke a Barkin Sale, suna dariya, ni kuma ina ƙara gishiri. Rana tana dukan ƙarfe, laka da sabulu suna bushewa a ciki.

Albasa kuwa ba ta san jira ba. Ta fara zafi a cikin buhu, wari ya fara tashi, mai kaya yana ta buga wa Masta waya.

Direbobi suna da wata al'ada a irin wannan wuri. Wanda kansa ke da ƙarfi yakan ajiye nasa bodin a sama, ya gangaro ya riƙa ɗaukar na 'yan'uwa yana haurar da su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya kawo mana wani Bamoshe dogo, Yakuba, da sabon kai mai taya da yawa. Tun safe yake wannan aiki, motoci suna raguwa, har ya zama saura mu. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Yakuba ya nuna sama ya ce da 'yar Hausarsa, "Masta, yi sauri. Ruwa ya sauka, ni na tafi. Kayana yana sama."

Masta ya ce, "Minna, sauke ƙafa."

Na kama handul. Ya ƙi motsi. Na tura shi giyar ƙarfi na hau kansa da nauyina duka. Kamar an yi masa walda.

Masta bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya hau mota, ya sauko da jakata, ya ajiye ta a kan wani dutse a bakin hanya, har ya gyara mata zama. Ya ce, "Magana ɗaya na yi maka a Lome."

Na dubi jakar, na dubi dajin da ban san sunan ko ƙauye ɗaya a cikinsa ba. Na tuna Maitumbi da mutanen majalisa. Sai na ji wani ƙarfi ya zo mini, ban san daga ina ba. Na ce, "Masta, ruwan bai sauka ba tukuna."

Na ɗauki sifana na kwance murafun saman ƙafafun. Abin da na gani ya yi kama da ƙanzon tuwo, ga yashi ga tsatsa, giyoyi sun nutse a ciki. Na zuƙo man gas daga tanki da tiyo, na kankare da tsinke da tsumma, na zuba, na bubbuga jikin ƙafar da guduma. Handul ya ɗan motsa. Na yi gaba na yi baya, ƙafafun suka fara saukowa suna wani ƙara mai kashe haƙori. Da suka kai rabi suka sake cijewa. Man gas yana wankewa ne, ba ya sa santsi. Na roƙi Yakuba giris, ya nuna mini bindigarsa wayam, ya ƙarar a kan tanteburinsa wajen ɗaukar bodin mutane. Galan ɗin man injinmu kuwa tsohon kai ya shanye shi tun a hanya, na cikin inji kuma Masta ya ce wanda ya taɓa shi sai dai ya taɓa gemunsa.

Na hango rufin ɗakuna a bayan gonar dawa. Na zura da gudu, ina cewa ko man gyaɗa ne, ko manja ne, in samu. Ban kai gidajen ba wani ƙanshi ya tare ni, na ji ƙafafuna sun tsaya da kansu. Man kaɗe ake dafawa. Ƙanshin tsakar gidanmu ne a Beji, lokacin da mahaifiyata take raye. Ita komai man kaɗe ne, a miya, a faso, a ƙofar da ke kuka, har a gindin amalanken babana. Ina tsaye sai na ji muryar tsohuwa tana zagin akuya. Da Nufanci! A tsakiyar Gana!

Na faɗa gidan ko sallama ban gama ba. Mata ne zagaye da manyan tukwane, wata tsohuwa siririya tana juya ɗaya da muciya. Na gaishe ta da 'yar gaisuwar Nufancin da na koya wurin maƙwabtanmu mutanen Bida, na kira ta Nna, wato uwa. Muciyar ta faɗi.

"Kai ɗan wa? Daga ina ka fito?"

"Daga Minna, Nna. Don Allah mai nake so, tirelarmu..."

"Minna! Zauna. Ku kawo masa ruwa."

"Nna, hadari..."

"Hadari na Allah ne. Zauna ka gaishe ni da kyau, ba a yi maka tarbiyya ba?"

Na durƙusa ina gaisuwa, idona yana sama. Sunanta Nna Fati. 'Yar Bida ce, wani mai fataucin goro ya auro ta tun tana yarinya, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da jikoki a nan. Ta tambaye ni ko jirgin ƙasa yana tsayawa Minna har yanzu, don a nan ta hau shi da za ta taho. Ta tambaye ni ko an gyara hanyar Bida. Na ce, "Nna, ana nan ana gyarawa," ta yi dariya har da hawaye ta ce to ba abin da ya canza. Sai da na shanye ruwan sannan ta ce, "To, me ya samu motar?"

Na gaya mata a gurguje, na ce in ƙafafun nan ba su sauka ba, a ƙauyensu zan zauna.

"Da ka samu uwa," in ji ta. "Amma matarka fa? Tashi. Injin niƙanmu ma in ya yi gardama wannan muke ba shi."

Ba ta yarda na ɗauki tukunyar ba, ta ce zan zubar da rawar jikina. Ta naɗa gammo, aka ɗora mata ƙaramar tukunya mai zafi, ta kama hanya, matan gidan suka biyo mu da ludayi. Haka muka fito bakin hanya kamar masu kai amarya. Yakuba ya riga ya tayar da injinsa. Da ya gan mu ya leƙo ya ce, "Miya za a yi?"

Na hau na karɓi ludayi na riƙa tsiyaya man da zafinsa ta saman kowace ƙafa, a hankali, yana bin zaren yana gangarawa. Na bubbuga da guduma. Na kama handul na yi baya kaɗan, gaba kaɗan, baya, gaba. Nna Fati tana tsaye a kaina tana cewa, "Ƙara masa, ɗana, kada ka yi masa rowa." Na ƙara. Iska ta taso tana kaɗa tamfol. Na sake dannawa, sai na ji wani abu ya saki a ciki, handul ya tafi da ni har na kusa kifawa. Ya juya! Ƙaran nan ya mutu, ƙafafun suka taho ƙasa sumul, ta hagu da ta dama tare. Wata mata ta rangaɗa guɗa.

Ƙasa taɓo ce, in takalman suka taka haka nan nutsewa za su yi bodi ya kife. Na juya zan nemo katako, sai na ga katakan sun faɗo a gabana. Masta ne ya jefo su, bai dube ni ba. Na shimfiɗa su a ƙarƙashin takalman, na danna duwatsu a bayan tayoyi, na tura handul giyar ƙarfi. Yanzu albasar duniya ce za ta hau kan man Nna Fati. Yakuba ya diro daga motarsa ya kama handul tare da ni. Muna juyawa, katako yana ƙara, muna juyawa, har na ga siririn haske ya bayyana tsakanin bodi da tantebur.

"Ya tashi, Masta! Wallahi ya tashi!"

Na cire tiyoyin iska, na fizge hannun tantebur. Masta ya ja kan a hankali ya fita. Bodi ya tsaya shi kaɗai a kan ƙafafunsa, mai yana ɗiga daga gwiwoyinsu. Ban san lokacin da na rungume Yakuba ba. Ya ture ni ya ce, "Ruwa, mahaukaci!" Ya koma ya yo baya da nasa kan, tantebur ya kama da ƙara, kau! Na naɗe ƙafafu da giyar sauri, ɗigon farko ya faɗo mini a wuya.

Na juya wurin Nna Fati ina lalube aljihu. Ta buge mini hannu.

"Ka taɓa ganin uwa ta sayar wa ɗanta mai? In ka je gida ka bi ta Bida, ka ce Fati tana gaida kowa."

"Wa zan gaya wa, Nna?"

"Duk wanda ka gani. Je ka, motarka ta tafi."

Ta tafi kuwa. Yakuba ya kama hawan, inji yana ruri, taɓo yana tashi sama, bodi yana karkata hagu yana karkata dama. Na bi shi da gudu ina kabbara, silifas ɗina ɗaya ya maƙale a laka na bar shi. A tsakiyar hawan tayoyi suka yi kamar za su tsaya, na sa kafaɗa a bayan bodi ina turawa, kamar turina zai yi wa tirela wani abu. Suka kama tsakuwa, ta haye. Masta ya biyo da kanmu wayam.

A sama, kan kwalta, aka sake sauke ƙafafu don a mayar mana da bodinmu. Wannan karon da hannu ɗaya na juya handul, ina kallon Masta a gefen ido. Aka haɗa, na naɗe, na maƙala handul a maratayinsa. Yakuba ya yi mana hon ya wuce. Sai a lokacin ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, sai a lokacin kuma na tuna jakata tana can ƙasa a kan dutse.

Na juya zan gangara. Masta ya kira ni daga cikin mota.

"Minna! Ina za ka?"

"Jakata, Masta."

"Zo ka ɗauke kayanka, sun tare wuri."

Na zagaya ɓangaren yaron mota, sai na tarar da shi zaune a can, ya cire takalmi ya miƙe ƙafa. Ya nuna mini ɗaya ƙofar da haɓa. Na sake zagayawa cikin ruwa na buɗe. Ga jakata a kan kujerar direba.

Na ce, "Masta, ai ba mu kai Kumasi ba."

"A tsaye za mu kai? Shiga. Kuma goge hannunka, kada ka mai da mini sitiyari miyar kuka."

Na goge a riga, na goge a wando, na yi bisimilla na kama. Da na saki kuloci motar ta ɗauka, albasa da bodi da komai suka biyo ni. Na ja igiyar hon ba dalili. Masta ya ce, "Wa ka gani a hanya?" Na ce ba kowa. Na sake ja.

Washegari a Tamale na buɗe ƙafafun na wanke su tas da man gas, na ɗura giris na gaske daga shagon da Masta ya tsaya a kaina na saya. Dole ne, don man kaɗe ya fitar da mu ne kawai, ba zai jure zafi da nauyi ba, ga shi tururuwa har ta fara yi mana layi. Duk da wankin, ƙanshin bai tafi ba. Awakin garejin suka taru suna lasar takalman tirela.

Na hau kujerata na kira Hajara. Na ce ta saurara, na kanga wayar a taga na ja hon har sai da masu shayi suka zage ni.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Baban Sadiya, da gaske? To yaushe za ka taka Maitumbi?"

Na buɗe baki zan yanka mata rana, in ce ta gaya wa 'yan majalisa su share hanya. Sai na hango Masta a madubi yana korar awaki da hularsa.

Na ce, "In Allah ya so, Hajara. In Allah ya so."

Sai ta ce, "Malam, don Allah wa ke magana? Ba wa mai wayar wayarsa."